Yaron Mai Shayi Ma Ma'aikaci Ne

A Dutsi, ko Shargalle, ko tashar Daura, da ka tada zancen haƙƙin masu aiki a wuraren sayar da abinci, amsar da za ka fi ji ita ce: "Ai taimakonsu ake yi." Yaron mai shayi na ci na sha, mai wanke-wanke na komawa gida da ragowar tuwo, to me ya kawo doka ciki? Masu faɗin haka ba mugaye ba ne. Da yawansu da wankin kofi suka fara, jarinsu kuma bai wuce buhun sukari da katan ɗin madara ba. Tsoronsu kada a ɗora musu albashin da zai karya su.

Su kwantar da hankalinsu ta nan. Dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2024, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ko a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda aka yanka wa ma'aikatan gidajen abincin tafi-da-gidanka dala 20 a awa tun Afrilun 2024, manyan kamfanoni masu rassa 60 zuwa sama dokar ta kama.

Amma da girmamawa nake cewa, wanda ya tashi da asuba ya ɗebo ruwa, ya hura wuta, ya tsaya har bayan isha'i, aiki yake yi. Dubi hannun mai wanke-wanke, tsakanin yatsunta duk sun yi fari sun tsage saboda omo. Dubi yaron da tafasasshen mai ya fallatsar wa a damtse: a fasa ɗanyen ƙwai a shafa masa, in gobe bai fito ba a sa wani a gurbinsa. Tun kafin zuwan Turawa malamanmu na fiƙihu suka shardanta cewa ijara ba ta inganta sai an san aikin, an san ladan. "Zan riƙa ba ka wani abu" ba lada sananne ba ne.

Wasu kuma kan ce ai maganar ƙwadago ta Abuja ce. Gaskiya ne, tsarin mulkin 1999 ya bar wa gwamnatin tarayya sha'anin ƙwadago, Majalisar Dokokin Katsina ba za ta yanka wa mai tuwo-tuwo albashin da za ta biya ba. Sai dai shi wannan tsarin mulki ya damƙa wa ƙananan hukumomi kula da gidajen abinci da gidajen burodi. Da wannan ikon ake yanka wa mai shayi rasit. Hukumar da ta san hanyar teburinsa ranar haraji, ta san inda yaronsa yake.

Abin da nake nema kaɗan ne. Majalisar jiha da ƙaramar hukumar Dutsi su haɗa izinin sayar da abinci da sharaɗi: a faɗi lada a gaban shaidu, a ba da hutun yini ɗaya a mako kamar yadda Dokar Ƙwadago ta tanada, wanda ya ƙone a bakin aiki a kai shi asibiti daga aljihun mai wuri. Duba-gari da ya zo leƙa randa ya tambayi wannan ma.

Mai ci ma yana da riba a ciki. Yarinyar da ta san kwanciyar yini ɗaya za ta raba ta da aikinta, da gudawa a jikinta za ta fito, kuma ita za ta wanke kwanon da za a zuba maka miya.