Kunkurun Teku a Tortuguero: Jarin da ke Fitowa Daga Ruwa

A gaɓar tekun Karibiyan, arewa maso gabashin ƙasar Kosta Rika, akwai wani ƙauye mai suna Tortuguero, wanda babu hanyar mota zuwa cikinsa, sai jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin sama. Duk da haka dubban 'yan yawon buɗe ido ne ke zuwa can kowace shekara, musamman daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da koren kunkurun teku ke fitowa da dare domin yin ƙwai a cikin rairayi.

A da, sana'ar mutanen wurin ita ce kama kunkuru, ana sayar da namansa har ƙasashen waje. Al'amarin ya soma sauyawa ne da binciken wani masani ɗan Amurka, Archie Carr, wanda aka kafa ƙungiyar kare kunkuru saboda aikinsa a 1959. A 1975 kuma gwamnati ta mai da yankin gandun ƙasa.

Lissafin a fili yake. Wanda ya yanka kunkuru, sau ɗaya zai ci kuɗinsa. Amma macen da aka bari da rai takan yi ƙwai kimanin 100 a kowane rami, sau da dama a shekarar da ta fito, ta kuma dawo bayan shekara 2 ko 3. Duk dawowarta ciniki ne ga masu masauki, da masu jiragen ruwa, da masu abinci, da 'yan jagora. Wani rahoto da ƙungiyar WWF ta fitar a 2004 ya ƙiyasta cewa kallon kunkuru na kawo wa Tortuguero kimanin dala miliyan 6.7 a shekara.

Sai dai wannan jari yana da saurin lalacewa. Haske ko hayaniya kan sa kunkuru ta koma ruwa ba tare da ta yi ƙwai ba. Saboda haka ba a shiga gaɓar da dare sai tare da ɗan jagora mai lasisi, an kuma hana ɗaukar hoto da haska tocila. Baƙi kan jira a gefe har sai masu sintiri sun gano wadda ta fito, sannan a kai su rukuni-rukuni.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne, kunkuru kan shafe fiye da shekara 20 kafin ta fara ƙwai. Don haka ɓarnar da aka yi bana ba za ta bayyana a littafin ciniki ba sai bayan shekaru masu yawa, lokacin da gyara ya yi wuya. Taƙaita yawan baƙi yana rage ribar dare ɗaya, amma shi ne ke tsare uwar kuɗi.