Yadda Bayanan Kwamfuta Ke Nuna Ingancin Maganin Ruɓewar Haƙori

A yau za mu duba wani amfani na kwamfuta da ya shafi bakin kowa.

A rahotonta na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum biliyan 2 ne ke fama da ruɓewar haƙoran girma. To, idan matashi daga Badariya ya je asibiti a Birnin Kebbi aka yi masa ciko, ta yaya za a san aikin ya yi kyau? Ba a ranar ake ganewa ba, sai bayan watanni. In katin takarda ya ɓace, tarihin haƙorin ya bi shi.

Yadda abin ke aiki

Kowane haƙori yana da lamba biyu a tsarin da likitoci ke bi. Misali, 36 shi ne turmin farko na ƙasa a hagu. Akwai kuma ma'aunin DMFT, wanda ke ƙirga haƙoran da suka ruɓe, waɗanda aka cire, da waɗanda aka cike. Idan waɗannan suka shiga manhaja, kwamfuta na iya tace dubban fayiloli ta amsa tambayoyi kamar haka:

- Mutum nawa aka auna haɗarin ruɓewar haƙoransu?
- Cikin masu haɗari sosai, nawa aka shafa wa fuloraid?
- Ciko nawa ya faɗi har aka sake?
- Nawa suka dawo da sabon kogo?

Me ya sa makarantun haƙori?

A can ɗalibi ne ke aiki, malami yana dubawa yana sa hannu, saboda haka ana rubuta komai dalla-dalla. A Amurka, tun 2012 wasu makarantu suka haɗa bayanansu a rumbu ɗaya mai suna BigMouth, bayan an goge sunayen marasa lafiya. A arewacin Najeriya, Jami'ar Bayero tana horar da likitocin haƙori a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Irin wannan wuri ne ya fi dacewa da aikin, kuma darasin da aka samu zai amfani asibitocin Kebbi da Argungu.

Sai dai kwamfuta ba ta san abin da ba a shigar mata ba. Wanda bai koma asibiti ba, ko ya je wani wuri aka cire haƙorin, zai iya bayyana kamar ya warke. Ga kuma batun sirri: Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman.

Naka aikin

Ka ɗauki hoton katinka da waya. Ka tambayi likita lambar haƙorin da aka taɓa, ka rubuta tare da kwanan wata. Ka saita tunatarwar ranar komawa, ka je ko da ciwon ya lafa.