Ciwon Hantsa da Maraƙin da Ke Makara

Duk wanda ya bi ta Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano da hantsi, ya ratsa Fagge zuwa Kasuwar Sabon Gari, zai tarar da matan Fulani a bakin hanya da ƙoren nono, an rufe da faifai. Tun da jirgi ya iso Kano a 1911 wannan yanki ya zama wurin ciniki, buƙatar kindirmo kuwa kullum ƙaruwa take. Ita ce ke jan masu shanu yanzu zuwa ga shanun madara: ana haɗa Bunaji da jinsin Turai irin Firiziyan, aikin da cibiyar NAPRI ta Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana yi. Saniyar da ta fi zuba kuwa ita ta fi saurin kamuwa da ciwon hantsa.

Makiyayi ya san ciwon idan ya fito fili. Hantsa ta kumbura ta ɗau zafi, saniya ta riƙa harbi in an taɓa ta, madara ta zo da gudaji ko tsarkiyar jini. Sai ya zubar da tatsar kwana uku, ya ce asarar ke nan. A ganina babbar asarar tana mahaifa. Ƙwayoyin cuta idan suka shiga ta kan nono, jiki yakan saki sinadaran kumburi, cikinsu har da furostagilandin, wanda shi ne likitan dabbobi ke yi wa saniya allurarsa don ta dawo neman sa. Wannan sinadari na narkar da ɗan ƙullutun da ke kan ƙwan mahaifa, mai fitar da sinadarin riƙe ciki. Cikin da bai wuce sati biyu ko uku ba sai ya zube, babu wanda ya gani. Bayan kwana 21, ko fiye, sai saniya ta sake neman sa, mai ita ya ce barbarar ce ba ta kama ba. Zazzaɓin ciwon kuma yakan hana ta cin abinci, ya jinkirta fitar ƙwai.

Wanda ya fi damuna shi ne ɓoyayyen nau'in, inda hantsa ke lafiya a ido, madara fara tas, cutar na ci a ciki. Akwai gwaji mai sauƙi: a tatsa kaɗan daga kowane nono cikin faranti mai gurbi huɗu, a zuba ruwan gwaji, in ya yi yauƙi, akwai cuta. Ruga nawa ke da wannan farantin?

Lissafin a fili yake. Saniya na ɗaukar ciki kimanin wata tara, kuma ba ta ba da nono sai ta haihu. Duk zagayen da ya kuɓuce, sati uku ne na dusa da harawa ba maraƙi. Wanda ya biya kuɗin barbarar zamani kuwa, kuɗinsa sun tafi.

Kada dai a ɗora wa hantsa komai. Yunwar rani ta fi ta hana Bunaji haihuwa, ga bakkale mai sa ɓari, ga sammore. Amma waɗannan an san su. Dalilan ciwon hantsa kuwa a hannun mai tatsa suke: taɓon turke da damina, cizon kaska a kan nono, tsumma ɗaya ga shanu goma, hannun da ya tashi daga mai ciwo ya koma kan mai lafiya. Daga nan sai a sayo allura a kanti, a yi rabin ƙa'ida a bari, madarar kuma ta taho Fagge da ragowar magani a ciki.

A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo, ana ta maganar inganta iri. Ina so in ji ana maganar sabulu, da ruwan tsoma kan nono bayan tatsa, da barin saniya mai ciwo a tatse ta a ƙarshe, kafin a kawo maniyyin bijimin Turai ruga.