Gangunan Bahia da Ba Su Manta da Bayi Musulmi Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Fadar Zazzau ranar Hawan Daushe ya san yadda tambari ke dukan ƙirji tun kafin ya isa kunne. Can birnin Salvador na jihar Bahia a Brazil, haka gangunan bikin kanibal suke, sai dai da harshen Fotugal ake rera waƙar da ke bin su. Kuma a cikin amon nan akwai labarin Hausawa.

Yaƙe-yaƙen jihadin da aka fara a 1804, wanda ya ci Zariya a 1808, sun cika kasuwannin kudu da kamammu. Daga Ikko da Badagry jiragen ruwa suka kwashi da yawa zuwa Bahia, ƙasar rake. Hausawan ba su miƙa wuya ba. A 1807 asirin wani shirinsu na tawaye ya tonu, a 1814 kuma suka tayar da bore a Itapuã, unguwar masunta. Babbar tarzomar ta zo ne a Janairun 1835, ana dab da sallamar azumi: wajen mutum 600, galibi Yarbawa Musulmi da wasu Hausawa, suka fito da fararen riguna, da layu rubuce da Larabci. Ana kiransu Malê, daga kalmar Yarbanci imale, wato Musulmi. An murƙushe su cikin 'yan sa'o'i.

A Itapuã ɗin nan dai, a 1979, matasa baƙar fata suka kafa ƙungiyar makaɗa ta Malê Debalê don tunawa da su. Shekarar da aka kafa Olodum ke nan, ƙungiyar da ta shahara da kiɗan samba-rege, wadda Michael Jackson ya je ya ɗauki bidiyo da ita a 1996. Wani abin mamaki, farar rigar Malê ana ce mata abadá, daga agbada. Yau sunan rigar da 'yan kanibal ke saya su shiga ayarin rawa ke nan. Rigar masu salla ta koma rigar cashewa!

To, amma kada zumuɗi ya ɗebi kowa ya ce samba kiɗan Hausa ne. Jijiyarsa ta fi komawa Angola, inda har gobe ake kiɗan semba, sannan ga ganguna da waƙoƙin bautar Yarbawa. 'Yan Bahia ne suka kai shi Rio, inda ya yi tashe a gidan wata mata, Tia Ciata, har aka fitar da faifan "Pelo Telefone" a 1917. Wani ɗan Bahia, João Gilberto, shi ya sassauta shi a 1958 ya zama bossa nova, jita da murya ƙasa-ƙasa kamar mai raɗa.

Sauran dangin samba suna warwatse a ƙasashen da ake jin harshen Fotugal. Lisbon na da fado, waƙar bege da kewa da Amália Rodrigues ta kai duniya. Tsibiran Cape Verde na da morna, ta Cesária Évora wadda ta riƙa hawa dandamali ba takalmi. Hukumar UNESCO ta sa fado cikin kayan gadon duniya a 2011, morna a 2019.

Mai waya a Zariya ya rubuta Malê Debalê a YouTube, ya saurara da kunnen da yake jin tambari.