Fankar Ado da Zafin Furosesa

A shekarar 2024 kamfanin Intel ya amsa cewa wasu furosesocinsa na Core, zubi na 13 da na 14, suna sa kwamfuta ta tsaya cak ana tsakiyar aiki. Ya ce laifin na ƙarfin wuta ne da furosesar ke ja fiye da ƙima, har ya ƙara garanti da shekara biyu. Kafin labarin ya iso shagunanmu ya rikiɗe, ya koma "ai zafi ne", maganin kuma wai a cika akwatin kwamfuta da fankoki masu fitilu kala-kala.

Na ga irin wannan a shagon wani mai gyara. Akwati mai gefen gilashi, fanka shida, sai walwali suke kamar ɗakin amarya. Da aka kwance, ƙurar hunturu ta toshe ƙarfen da ke kan furosesar, ta yi kauri kamar auduga. Mai kwamfutar ya kashe kuɗi kan ado, burushin naira kaɗan bai saya ba.

Bayanin ba mai tsawo ba ne. Zafin furosesa yana bi ta ɗan man da ake shafa mata, ya hau bututun jan ƙarfe, ya bazu cikin siraran faranti na alminiyom, fanka ta hura shi waje. Fankar jikin akwati aikinta musayar iska, wadda ake ɗaurawa kan farantan kuwa sai mai ƙarfin tura iska ta ƙunci. Za a iya ɗora ta ado mai milimita 120 a wurin, ta yi aiki in tana da ƙarfi, amma fitilarta ba ta rage ko digiri ɗaya. Furosesar Intel da ta kai wajen digiri 100 da kanta take rage gudu. A kuma kula da wayar wutar fitilun: fitilar bolt 5 mai ƙafa uku in aka cusa ta a gurbin bolt 12, nan take za ta ƙone.

Abin da ke ba ni takaici shi ne matasan da ke tinƙaho da waɗannan fitilu ba su san darajar abin da ke hannunsu ba. Kalolin nan uku ne tushensu: ja, kore da shuɗi. Jan tun 1962 Nick Holonyak ya samar da shi a Amurka. Shuɗin ne ya gagari duniya kusan shekara talatin, manyan kamfanoni suka gwada suka haƙura. Isamu Akasaki da ɗalibinsa Hiroshi Amano suka nace a Nagoya, sannan Shuji Nakamura, ma'aikaci a wani ƙaramin kamfani mai suna Nichia, ya fito da mai haske sosai a 1993. Tukuicin da aka ba shi yen 20,000 ne kacal. Ya kai kamfanin ƙara, aka sasanta a 2005 kan kimanin yen miliyan 840, kuma a 2014 su ukun suka karɓi kyautar Nobel.

Me ya shafe mu? Farin kwan fitilar zamani shuɗin nan ne aka lulluɓe da sinadari mai ruwan ɗorawa. Shi ne ke kan teburin mai shayi da tukubar mai tsire, shi ne tocilan ɗin wayarka, shi ne fitilar sola da ta kori aci-balbal daga ƙauyuka, yara suke bitar karatu babu hayaƙi. Wannan aikinsa ne na gaske. Mu kuma mun ɗaure shi a fanka yana rawa.

Masu sayarwa su ji tsoron Allah, su daina sayar da ado da sunan magani. Makarantunmu na koyon sana'a kuma, yaushe za su koya wa yaro auna zafin furosesa kafin su ba shi takardar shaida? A Kano watan Afrilu zafi na haura digiri 40, iskar da fanka za ta ja ma ta riga ta dahu. Mai gyaran nan bai ƙara fanka ko ɗaya ba. Ya kaɗe ƙurar, ya goge busasshen man ya shafa sabo, ya ɗauke akwatin daga ƙasa ya ɗora kan tebur.