Lokacin Zafi Ya Shigo: Yadda Za a Hana Injin Mota Tafasa a Hanya



Hunturu ya wuce, zafi ya shigo. A watannin Maris da Afrilu, zafin rana a nan arewacin Gana yakan kai digiri 40, wani lokaci ya zarce. A wannan lokacin ne motoci suka fi mutuwa a hanya saboda inji ya ɗauki zafi.

Wani zai ce, ina ruwan ofishin kare jama'a da injin mota? Ga dalilinmu. Ko wanda ya ƙetaro daga Mango ta ƙasar Togo a 2017, ko wanda rikicin 2019 ya raba da ƙauyensa a nan Chereponi, ko wanda ya baro Bawku, duk wanda ya tsira da abin hawa ya san shi ne jarinsa. Da shi ake kai mara lafiya asibiti, da shi ake neman abinci. In inji ya ƙone, jari ya tafi. Kuma motar da ta tsaya a daji tsakanin Chereponi da Yendi, da mata da yara a ciki, ga rana ga ƙishirwa, ga dare yana zuwa, wannan magana ce ta rai. Shi ya sa muke son kowa ya ji bayanin nan, har wanda ba shi da mota, fasinja ne kawai.

Yadda inji yake huce zafinsa

Inji wuta yake ci a cikinsa. Ruwa ne yake zagaya shi, ya kwashi zafin, ya kai lagireto, wato tankin nan mai ƙananan ramuka da ke gaban mota. Iska da fanka su sanyaya ruwan, sai famfo ya sake mayar da shi. Inji mai lafiya yana aiki ne a wajen digiri 90. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, kun ga tazarar ba ta da yawa. Marfin lagireto shi ke matse ruwan, ya hana shi tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Don haka marfin da robarsa ta mutu, ko tsumman da aka cusa a madadinsa, ya isa ya sa mota ta tafasa ko da komai nata lafiya lau.

Hanyoyinmu ma suna ƙara wa inji wahala. Da yawansu na jar ƙasa ne. Ƙura da ƙaiƙayin ciyawa suna toshe ramukan lagireto, iska ba ta ratsawa. Ga ramuka da ke sa a yi tafiya a hankali da ƙaramin giya, ga lodi fiye da ƙima.

Kafin a tashi

A duba waɗannan da sassafe, inji yana da sanyi:

1. Ruwan lagireto. In kullum yana raguwa, akwai inda yake yoyo. A duba ƙarƙashin mota a wurin da ta kwana.
2. Tiyo. A matsa shi da hannu. In ya tsage, ko ya kumbura, ko ya yi laushi kamar dafaffen rogo, a canza.
3. Fanbel. Kada ya saki, kada ya tsattsage. Mai tafiya nesa, irin su Salaga ko Tamale, ya riƙe wani a ajiye.
4. Baƙin mai. Shi ma yana rage zafi. In ya yi ƙasa da alama, a ƙara.
5. Fuskar lagireto. A wanke ƙura da ciyawa a hankali, kada a lanƙwasa ramukan.
6. Fanka. A tabbata tana juyawa in inji ya yi zafi.

Maganar irin ruwan da ake zubawa tana da muhimmanci. Ruwan dam da na rafi yana da laka, yana toshe lagireto daga ciki. Ruwan burtsatse sau da yawa yana barin farin dasashi, irin wanda kuke gani a gindin tukunyar dafa ruwa. Abin da ya fi shi ne ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa a shagunan kayan mota, domin yana hana tsatsa. In babu hali, a sa ruwa mai tsabta da aka tace. Mun san yadda ruwa yake wuya a wannan lokaci, amma a riƙe jarka biyu: ɗaya ta mota, ɗaya ta sha.

Gargaɗi ga iyaye mata: ruwan nan mai launin kore ko ja guba ne, kuma yana da zaƙi-zaƙi a baki. Yaro zai iya zaton lemo ne. Yana lalata ƙoda, yana kisa. Kada a zuba shi a kwalbar lemo, kada a ajiye shi a ɗaki. In yaro ya sha, a garzaya asibiti nan take, ko da bai nuna alamar ciwo ba.

A kan hanya

A yi sammako, a huta a inuwa in rana ta take. A rage lodi. Direba ya riƙa kallon allurar zafi. In ta doshi ja, ko an ji wari mai zaƙi, ko mota ta rasa ƙarfi, ko tururi ya fara fita, a sauka gefen hanya a kashe inji. Kada a ce bari mu lallaɓa mu kai gari. 'Yan mintoci kaɗan sun isa su ƙona gasket ko su lanƙwasa kan inji, kuɗin gyaran kuwa ya ninka na tiyo sau da yawa. Fasinja ma yana da bakin magana: in kun ga tururi, ku ce wa direba ya tsaya.

A lissafa lokaci da kyau. An sha sa dokar hana fita a Bawku da Chereponi. A tambayi halin da ake ciki kafin a tashi, a bar rarar lokaci saboda lalacewar mota, a kuma gaya wa wani na gida hanyar da za a bi.

In mota ta riga ta tafasa

Nan ne mutane suka fi jin ciwo. Kada kowa ya buɗe marfin lagireto inji yana da zafi. Ruwan ciki a matse yake, ana buɗewa zai yi tsalle ya watsu a fuska da ƙirji. A sauke mata da yara, a kai su inuwa nesa da gaban mota da bakin hanya. A jira aƙalla minti 30. In tiyon sama ya huce, ana iya riƙe shi da hannu, sai a ɗora tsumma mai kauri a kan marfin, a murɗa kaɗan, a kau da fuska, a bar iskar ta fice tukuna. Babba ne zai yi wannan, ba yaro ba.

Kada a kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi. Ƙarfe yana tsagewa kamar tukunyar ƙasa. A zuba ruwa kaɗan-kaɗan bayan ya huce. In baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko farin hayaƙi yana fita ta salansa ba ƙaƙƙautawa, gasket ya tafi. Kada a ci gaba da tafiya, a nemo fita ya duba.

In ruwan zafi ya ƙona mutum, a riƙa zuba ruwa mai tsabta a wurin har minti 20. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura. Kada a shafa man kaɗanya, ko ƙwai, ko man goge baki, ko baƙin mai. Kada a fasa bororon. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi asibiti. Lambar neman agajin gaggawa a Gana ita ce 112, kuma kyauta ce.

Masu babur da motokin

Yawancin babura iska ce ke sanyaya su, ba ruwa ba. Don haka a kankare busasshiyar laka daga haƙarƙarin inji, a canza baƙin mai a kan lokaci, kada a bar inji yana aiki a tsaye cikin rana. In tafiya ta yi nisa, a tsaya ya huce. Wasu motokin suna da lagireto, su ma duk bayanin da ke sama ya shafe su. A kula da ƙafafun yara, salansa tana ƙuna.

Abu na ƙarshe: kada a bar yaro a cikin mota a rufe, ko da minti biyar ne, ko da an sauke gilashi kaɗan. Cikin mota yana zama tanda nan da nan, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Mai tambaya ya zo teburin ofishinmu, akwai mai fassara. Allah Ya kiyaye hanya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.