Karen Farauta a Tsakar Gida: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A wani gida a Ƙaura Namoda na ga wani jan kare siriri, mai dogayen ƙafafu, ɗaure a gindin darbejiya. Ya haƙa rami a inda yake har hannu yana shiga zuwa gwiwa, ya tauna igiyar ta kusa tsinkewa, ga guntun silifas ɗin yara a gefensa. Uwargida ta ce da maigidan, "Malam, karen nan naka fa ya fara taɓuwa, jiya ma 'yan tsaki biyu ya kashe mini." Shi kuwa ya yi shiru, don ya san abin da ke damun dabbarsa. Karen lafiyarsa lau. Aikin da aka haife shi dominsa ne ya rasa.

A da, da zarar an kawar da amfanin gona, 'yan farauta daga garuruwan Ƙaura, Shinkafi da Zurmi sukan yi gayya su nausa daji da gora da ƙere da barandami, karnuka na gaba suna shinshine. Kare ya wuni yana korar zomo, yana tono gafiya, yana tayar da zabin daji. Ya dawo gida liƙis, ya ci abin da aka zuba masa a kasko ya miƙe sai gobe. Tun da rashin tsaro ya mamaye yankin shekaru fiye da goma da suka wuce, dazuka irin su Dumburum sun fi ƙarfin mai gora. Mutane da yawa sun jingine farauta, amma karnukan suna nan, suna kuma haihuwa, 'ya'yansu na tashi da jinin daji a cikin katanga huɗu.

Turawa ma sun san wannan matsala. A Ingila akwai wasu ƙananan karnuka da ake kira teriya, sunan da ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin ƙasa, saboda aikinsu shi ne kutsawa cikin rami su koro dabba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara a cikinsu shi ne Jack Russell, mai ɗauke da sunan wani limamin coci, John Russell, wanda ya rayu daga 1795 zuwa 1883, ya kuma kiwata irin domin farautar yanyawa. Nauyinsa bai cika wuce kilo 8 ba, yana kuma iya kai shekara 13 zuwa 16 a duniya. Mutanen birni sukan saye shi don ƙanƙantarsa da kyansa, daga baya su tarar ya tone musu lambu ya yayyaga kujeru. Halinsa da na karen farautarmu ɗaya ne: duk abin da ya gifta da gudu sai ya bi shi, duk inda ya ji warin ɓera sai ya tona. Duka ba ya cire wannan hali, sai dai ya mayar da kare matsoraci, matsoracin kare kuwa shi ya fi saurin cizo.

Maganin abin shi ne a gajiyar da shi, jiki da ƙwaƙwalwa. Irin wannan kare yana buƙatar aƙalla awa guda na motsi mai ƙarfi a kullum, a raba safe da yamma. Ba sai an shiga daji ba. Filin ƙwallo na unguwa ya isa, ko gonakin bakin gari inda ake da kwanciyar hankali. A sa masa doguwar igiya, yaro mai wayo ya jefa masa tsumma da aka ƙulle ya ɗauko. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a fita da shi bayan asuba ko dab da magariba. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, kuma yashi mai zafi yana ƙona masa tafin ƙafa.

Hancinsa ma yana son aiki. Maimakon a juye masa abinci gaba ɗaya, a ɓoye ɗan ƙanzo ko guntun nama a wurare uku ko huɗu a bayan gida a bar shi ya nemo. Idan mai tono ne, a ware masa kusurwa guda mai yashi, a riƙa binne masa ƙashi babba a can, zai rage yi wa gindin katanga ɓarna. Mai rumbu kuwa ya samu ma'aikaci kyauta, don babu abin da irin wannan kare yake so kamar a buɗe masa inda ɓeraye da gafiyoyi suka yi gida. Sai dai a tabbata ba a zuba maganin ɓera a wurin ba, saboda gubar na iya kashe shi, ko ya lasa kai tsaye ko ya ci ɓeran da ya ci ta.

Batun kaji da awaki tun yana ɗan kwikwiyo ake gyara shi. Watanni uku na farko su ne lokacin da kare ke koyon wane ne ɗan gida. Kwikwiyon da ya tashi a tsakiyar kaji yakan ɗauke su 'yan'uwa. Wanda ya girma ya riga ya ɗanɗani kaza, gaskiya ita ce a gyara akurki a raba su. Kalmomin horo kuma kada su yi yawa: zo, zauna, bari. Kowa a gidan ya yi amfani da kalma ɗaya, in ya bi a ba shi ɗan abin taɓawa nan take.

Na san mai karatu zai tambayi matsayin addini. Hadisan da Bukhari da Muslim suka ruwaito sun nuna ladan mutum yana raguwa kullum idan ya ajiye kare, in ban da na farauta, na kiwo ko na gona. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, amma idan ya yi lallagi a ƙwarya ana wanke ta sau bakwai. Malamai sun kuma kawo cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala, ya ajiye karen gadi lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Saboda haka wurin kare shi ne tsakar gida ko bayan gida, da inuwarsa da kaskonsa na kansa, ba ɗakin kwana ba. Wanda ya ajiye shi kuma ya ɗauki amana. Ɗaure dabba a rana babu ruwa zalunci ne da za a tambayi mutum a kansa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Allurar rigakafi ga kare tana nan, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin ta. Ana yi wa kwikwiyo idan ya cika wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara a asibitin dabbobi, a adana takardar shaidar. Idan kare ya ciji wani ko ya karce shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, a tafi asibiti a ranar don a fara allura. Kada a tsaya shafa toka ko neman gashin karen a ƙona a ɗora. Kare mai ƙiriniya idonsa garau, yana kaɗa wutsiya, yana amsa kira. Wanda ya kamu da cutar kuwa halinsa ne ke juyewa farat ɗaya: ya daina ci, yawu na dalala, muryarsa ta sauya, ya kai wa ko mai shi cizo. Irin wannan a killace shi, kada kowa ya taɓa shi, a kira malamin dabbobi.

Kaska da ƙuma a nemi maganinsu wurin masana. Na san gidan da aka wanke kare da fiya-fiya don kashe kaska, kafin la'asar ya mutu yana karkarwa. Maganin tsutsar ciki duk bayan wata uku. Tuwo da miya ba laifi, amma a riƙa haɗa masa da ɗan nama, kifi ko ƙwai, a kiyaye shi daga albasa mai yawa, goro, da dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa ya soki hanji.

Yara ƙanana kada a bar su su kaɗai da shi, komai sabo. A koya musu kada su ja masa wutsiya, kada su taɓa shi yana ci ko yana barci, kuma in ya biyo su kada su ruga, don gudu ne ke tayar masa da jinin farauta. Su tsaya cik, su haɗe hannuwa a ƙirji, su kira babba.